Kawuna Mai Gwangwanin Auna Ruwa

Ina tsakiyar shanyar tattasai a bayan garin Gashua wayar ta shigo. Ƙanwata ce daga Nguru. Ko sallama ba ta yi ba, sai ta ce, "Yaya, Kawu ya cika." Na yi salati, na bar buhunan a buɗe, na nufi tasha da takalman gona a ƙafata. Motar da na samu ta tsaya a Jajimaji neman fasinja har na fidda ran za ta tashi, shi ya sa ban samu jana'iza ba. Ko da na isa an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har bakin titi.

Na ɗauka dangi da 'yan unguwa kawai zan tarar, don Kawu, yayan mahaifiyata, ba mai dukiya ba ne, ba kuma mai sarauta ba. Sai na ga fuskokin da ban sani ba. Manoma ne daga ƙauyukan arewa, wasu har daga wajen Yusufari, ƙafafunsu butu-butu da yashi. Wani tsohon Bafillatani ya jingine sandarsa ya yi gaisuwa, ya zauna, can ya ce da na kusa da shi, "To bana wa zai gaya mana lokacin juyowa da shanu?" Wata mai sayar da kifi ta tsaya a zaure tana share hawaye da bakin mayafi, tana ba da labarin ranar da ya hana mijinta shiga ruwa da kwalekwale, iska ta zo ta kifar da na wasu. Akwai kuma wani malamin jami'a mai tabarau. Ya yi addu'a yadda ya kamata, amma na lura idonsa na kan ƙofar ɗakin Kawu, littattafan da ke ciki yake so.

Inna, mahaifiyata, na same ta a cikin gida ba ta kuka. Ta dube ni ta ce, "Ka ga Yaya, har ya tafi bai bar wasan yaran nan ba." Tana rufe baki kukan ya ƙwace mata, ni ma ya ƙwace mini.

Bayan la'asar na koma kan tabarma. Wasu matasa biyu suna zaune a bayana, ba su san ni ba, don na daɗe da barin garin. Ɗayan ya rage murya ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma ka san an ce yana ɗan taɓa duba." Ɗayan ya ce, "Na ji. Ai shi ya sa aka cire shi daga ladanci tun muna goye. Wani ɗan gidan ne ya tona masa asiri."

Ni ne ɗan gidan. Ban juya ba. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ba na so a manta da Kawu, amma abin da na fi tsoro shi ne a tuna shi da sunan da ni na laƙa masa, alhali ƙarya ne.

Aikin awo ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, lokacin da jirgi ke shigowa ana loda gyaɗa da ƙaro da fatu. Da jirgin ya daina zuwa yadda ya saba, aikin ya ƙare, amma awon bai bar shi ba. A tsakar gidansa akwai wani turke, nesa da katanga, nesa da indararo, da babban gwangwanin madara a kansa. Ruwa na ɗaukewa za ka ga Kawu ya fito da singileti da rula ta katako irin ta 'yan makaranta, ya tsoma, ya ɗaga ta saitin idonsa, ya koma ɗaki ya rubuta. In ba a yi ruwa ba ma sai ya rubuta ba a yi ba. Yana rubuta inda iska ta fito, da wani tsumma da ya ɗaura a kan dogon kara a saman soro. Yana rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa, da ranar da gawo ya fara zubar da ganye, da ranar da shinge, ƙwarin nan na farkon damina, ya tashi. Littattafan sun cika akwatin ƙarfe guda, kowanne da shekararsa a bango.

In an yi ruwan farko gari ya rikice kowa ya ɗauki sungumi, shi sai ya fita bayan gari ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu. In laima ta tsaya a yatsu, sai ya kaɗe hannu ya ce, "Wannan na wanke rufi ne." In ta wuce taƙi, sai ya ce, "To, bisimilla." Wanda duk ya yi masa gardama, amsarsa ɗaya ce: "Je ka tona ka gani." Kuma ban taɓa jin ya ce za a yi ruwa ba. Kullum cewa yake, "Ban ce za a yi ba, na ce an saba yi. Mai ruwa yana da ikon abinsa."

Wannan ɓangaren mutane sun iya jure masa. Tsutsotsin ne suka fi ƙarfinsu. A bayan ɗakinsa akwai wata 'yar rumfa, da kwalabe da robobi jere a kan katako, bakin kowacce a rufe da yankin tsohon gidan sauro. A ciki tsutsa ce iri-iri. Akwai mai ratsin baƙi da fari da rawaya, wadda ba ta cin komai sai ganyen tumfafiya. Akwai ta lemun tsami, wadda tana ƙarama sai ka rantse kashin tsuntsu ne, in ta girma ta zama kore shar. Akwai gizaka mai gashi, wadda ya hana kowa taɓawa. Akwai wata ƙatuwa mai ƙaho a gindi, ita sai an zuba mata yashi a kwalba don a ƙasa take kwanciya. Dattijo da furfurarsa, da safe zai fita da buhu ya tsinko musu ganye, kowace da nata, ya share musu kashi, ya zauna yana kallonsu suna ci. In ɗaya ta daina ci ta rataye kanta ta ƙanƙame, sai ya ce ta shiga kulle, ya rubuta ranar. Bayan mako guda ko fiye sai ta fito malam-buɗe-littafi, fikafikai a jiƙe a yamutse. Zai jira su bushe, ya ɗora ta a yatsa ya fita tsakar gida ya ɗaga hannu. Ba ya ajiye ko ɗaya. Na taɓa tambayarsa amfanin wahalar, ya ce, "Kai amfanin kallon ƙwallon da kake zuwa fa?"

Iya, matarsa, ta sha fama. Ita ta shuka lemun tsamin gidan, ta raine shi da ruwan wanke-wanke, wata shekara ta wayi gari ganyen duk an cinye saura jijiya. Wani lokaci rariyarta ta tankaɗe ta ɓata, ta same ta kife a kan roba. Ranar da ta ɗaga sabon gidan sauronta ta ga an yanke masa kusurwa, ranar aka yi ta. Ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, yau dai a zaɓa, ko ni ko su!" Ya ɗago kai daga kan kwalba ya ce, "Ki yi haƙuri, su baƙi ne. Kwana goma sha biyu za su yi su tashi. Ke kuwa ai kin zauna." Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana, a na uku aka gan ta ta dawo daga unguwa da reshen tumfafiya a hannu, wai a hanya ta gani.

Shi ne ladanin masallacin unguwar. Muryarsa ba mai zaƙi ba ce, mai nisa ce, ana jin ta har wajen tsohuwar tasha tun kafin a sa lasifika. Ba ya makara, don mutumin da ke auna ruwan sama da rula ba zai yi wasa da inuwar azahar ba. Mata da kiransa suke ɗora tukunya.

A gidan nan na yi sakandare bayan rasuwar mahaifina. Kawu ya riƙe ni, ya ciyar da ni, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa ba. Amma a makaranta sunana ɗan gidan mai tsutsa, kuma abin yana mini ciwo fiye da yadda nake nunawa. Da na gama, aka tura ni karatun addini wani gari. Na yi shekara uku na dawo da ɗan gemu, da littattafai biyu da na iya sosai, da kuma tabbacin cewa duk garin Nguru ni kaɗai na san daidai.

A shekarar ne aka yi ruwan farko da wuri, mutane suka shuka, gero ya fito, sannan sama ta rufe. Mako uku ba ɗigo. Shuka ta ƙone a tsaye. Aka sa ranar fita roƙon ruwa, kwana uku a jere a filin idi, manya da yara, aka juya riguna. Kawu yana sahun gaba duk kwana ukun. Masu sauran iri kuwa suka ƙudura za su je su binne shi a busasshiyar ƙasa da zarar an gama roƙo, don su nuna sun sakankance. A hanyar dawowa rana ta uku wani manomi ya tambaye shi, "Ladan, ya ka gani?" Kawu ya ce, "Mun roƙa, kuma Allah yana ji. Amma iskar ba ta juyo ba tukuna. Mai sauran iri ya riƙe abinsa, kada ɓera da rana su cinye. A ganina sai an ƙara kamar kwana goma."

Ina bayansu na ji. Ranar bayan sallar la'asar na miƙe a masallaci, liman bai ba ni izini ba, na ce ina da nasiha. Na ce babu wanda ya san lokacin saukar ruwa sai Allah, wanda duk ya yanka masa rana ya shiga hurumin da ba nasa ba. Da a nan na tsaya, da malamai sun zauna sun warware mini bambancin mai da'awar gaibu da mai lura da alamu, a wuce wurin. Amma ban tsaya ba. Na ce ni a gidan na tashi, na ga rumfar da ake tara tsutsa a kwalabe, na ga littattafai cike da zane-zane da lambobi. Na ce jama'a su yi wa kansu hisabi ko irin wannan mutum ya dace ya kira su salla.

Na san ko mene ne zane-zanen. Kibiyoyi ne masu nuna inda iska ta fito. Na sani a ranar kamar yadda na sani yau. So nake a ce yaron nan ya yi karatu, ba ya jin kunyar kowa a kan gaskiya, kuma so nake a daina ce mini ɗan gidan mai tsutsa.

Kawu yana zaune a gefen liman, bai ɗago kai ba. Liman ya ce a yi haƙuri, a bar maganar. Amma mutanen da shukarsu ta ƙone suna neman wanda za su ɗora wa, ga shi kuma ɗan gida ne ya faɗa. Washegari da azahar, Kawu yana tafe a hanya ya ji wani ya riga shi kiran salla. Ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama, ya cire takalmi, ya shiga ya zauna a sahun baya. Ba wanda ya ce masa an cire shi, ba kuma wanda ya ce ya dawo.

A rana ta goma sha ɗaya hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da Kawu ya yi kuskure da ya tsira. Da abin ya zo daidai, sai magana ta rabu biyu: wasu suka ce ya duba ya gani, wasu suka ce shi ya riƙe ruwan ya saki. Waɗanda suka bi shawararsa suka riƙe irinsu su suka samu gero a shekarar, amma ko su ba su buɗe baki sun kare shi ba.

A gida bai ce mini uffan ba. Yammacin da na yi maganar, na shigo ina ɗari-ɗari, na ji shi yana tambayar Iya, "An ba yaron nan abinci?" Wannan tambayar ta fi mini duka zafi. Ban cika wata biyu ba na tattara na koma Gashua, wai zan koyar. Koyarwar ba ta yi nisa ba, na faɗa noman tattasai a bakin kogi, inda nake har yau.

Shekaru suka wuce. Ina zuwa Nguru da salla, in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan Gashua, kuma da gaske yake tambaya, so yake in faɗa masa ranar da aka yi da yawansa. Manoma suka ci gaba da zuwa wurinsa, amma ta bayan gida, ko a tare shi a kasuwa kamar an haɗu ne kawai. Aka zo rediyo na faɗin hasashen damina, aka zo kowa na da shi a waya. Ni da na miƙe a masallaci, yau ba na shanya tattasai sai na duba wayata na ga ko akwai hadari. Ba wanda ya kira wayar boka, amma sunan da na sa wa Kawu yana nan.

Wata shekara tsutsa ta faɗa wa gonata. Ganye ya zama raga, 'ya'yan suna huje. Na yi feshi sau biyu kamar ina ba su ruwa. Inna ce ta gaya masa, ni ban iya ba. Kwana biyu sai ga shi ya sauko daga mota da sandarsa da wata kwalba a aljihu, lokacin gwiwa ta fara ba shi wahala. Bai zauna ya sha ruwa ba, ya ce mu je. Ya bi kunya-kunya yana juya ganye, ya kamo uku ya sa a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ka daina zuba maganin nan. Waɗannan sun ƙoshi, kwana biyu ko uku za su sauka ƙasa su shiga kulle. Maganin ba ya kai musu can."

Na ce, "To Kawu, in zuba ido?"

Ya ce, "Ka jira su sauka, ka sa fartanya ka buɗe gindin kowane tsiro, ba da zurfi ba. Rana ta gan su, belbela ta gan su. In ka bar su, bayan sati biyu uwayen za su fito su sake yi maka ƙwai. Kana ta kashe abin da ba ka san inda yake kwana ba."

Haka na yi, kuma gonar ta tashi. Amma ba wannan ne abin da na fi tunawa da ranar ba. Muna tsaye mu biyu a bakin kogi, ba kowa, na ga in ban faɗa yau ba, ba rana. Na ce, "Kawu, maganar nan ta shekarun baya, ta masallaci..." Ya miƙo mini kwalbar ya ce, "Riƙe mini nan." Na riƙe. Ya saka tsutsotsin da ganye biyu, ya rufe, ya ce, "Tsakanina da kai babu komai. Ka ji? Babu komai." Ya karɓi kwalbarsa muka kama hanya.

Na ji daɗi ƙwarai. Na ɗauka an gama. Ban tsaya na ji yadda ya faɗe ta ba, cewa tsakaninsa da ni ne babu komai. Ni kuwa ba tsakanina da shi na yi maganar ba, a gaban sahu huɗu na yi ta. Can cikin raina na san inda ya kamata in je in tsaya. Kowace salla in na zo Nguru sai in ce bari a idar in miƙe, sai in ga abokan da muka taso tare, in ga surukaina, in ce sai wani zuwan. Haka na yi ta ɗagawa har aka kira ni ina shanyar tattasai.

Ranar addu'ar uku aka taru a masallacin da safe, shi dai wannan masallacin, an dai sa masa tayil da fanka. Tsohon liman yana nan da rai, idonsa ya tafi, ɗansa ke jan salla, amma an kawo shi an zaunar a gaba. Da aka shafa fatiha mutane suka fara neman takalma, na miƙe. Wannan karon na nemi izini.

Na ce, "Jama'a, ni ne ɗan ƙanwar mamacin. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce na tsaya a nan na ce yana duba. Ƙarya na yi. Ban taɓa ganin ya yi duba ba, ban taɓa ganin ya yi tsafi ba. Lambobin da ke littafinsa awon ruwa ne, zanen kuwa iska ce, kuma na san haka ranar da na yi maganar. Tsutsa kiwonta yake don yana son ganin ikon Allah a kanta. Wanda ya ji daga bakina, ko daga bakin wanda ya ji daga bakina, ga shi na janye. Wanda ya faɗa wa ɗansa, don Allah ya koma ya gaya masa."

Wasu suka sunkuyar da kai. Wani daga baya ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka amsa da amin. Na hango ɗaya daga cikin matasan nan biyu, ya buɗe baki yana kallona.

Sai tsohon liman ya ɗaga hannu. Ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryata, ya ce, "Yaro, ka kyauta da ka faɗa. Amma kada ka ɗauki kayan kai kaɗai. Mu da muke manya mun san ƙarya ce tun kafin damina ta fita. Ni nan na sani. Na yi ta cewa bari ƙura ta lafa in ce ya koma bakin aikinsa, wanda ya karɓa kuma ya riga ya saba, na ji nauyin cire shi. Kullum ina jin tarinsa a sahun baya." Ya shafa gemu. "Ka yi saurin magana, mu kuma muka yi jinkirinta."

Daga nan na wuce cikin gida wurin Iya. Tana ɗakinta cikin takaba, a kan tabarma, carbi a hannu. Labari ya riga ni isa. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Iya, na je na faɗa."

Ta ce, "An gaya mini."

Na ce, "Ya ce mini ya yafe, tun a Gashua."

Ta ce, "Ya yafe tun kafin Gashua. Tun ranar ya yafe, ni ce ban yafe ba, ya yi ta fama da ni." Ta ja carbi biyu ko uku. "Duk sallar da ka zo garin nan, sai ya sa babbar rigarsa ya tafi masallaci da wuri. In ya dawo ba ya cewa komai, sai ya rataye rigar. Ni na san abin da ya je jira."

Ban iya ɗago kai ba. Na ce, "Bai taɓa nuna ya damu da ladancin ba."

Ta ce, "A gabanku." Ta nuna tsakar gida da haɓa. "Ka ga bakin rijiyar can? Tun daga waccan shekarar, in lokaci ya yi, kafin na masallaci ya fara, sai ya je can ya fuskanci gabas ya sa yatsu a kunne. Can ƙasa-ƙasa yake kiran sallar don kada maƙwabta su ji su ce yana gasa. Sau biyar a rana, har ranar da ya kwanta. Ni kaɗai nake amsa masa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi ladan kowane kira, wanda gari ya ji da wanda mace ɗaya ta ji. Ni kuma ku roƙa mini gafara, don na faɗi gaskiya a inda ya yi shekaru yana jiran ta, kwana uku bayan ya daina zuwa.